Lantarki, Gas ko Gawayi: Da Me Ya Dace a Zafafa Tanderun Gasa Fentin Hoda a Shagon Walda?

Masu walda da dama, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Panteka a Kaduna, sun gaji da ganin fentin mai yana ɓarewa a jikin ƙofofi da tagogi da kujerun da suka ƙera tun kafin damina ta biyu ta wuce, shi ya sa hankalinsu ya karkata ga fentin hoda, wato busasshen garin fenti da ake fesawa a jikin ƙarfe, sannan a gasa shi ya narke ya manne. Bindigar fesa hodar ana samunta a kasuwa, kuma koyon riƙe ta ba ya ɗaukar lokaci. Abin da ke tsayar da mutum shi ne tanderun da za a gasa aikin a ciki, domin na kamfani ya fi ƙarfin ƙaramin shago, wanda kuma ya ce zai gina nasa sai ya tarar kowa da shawarar da yake ba shi: wannan ya ce lantarki, wancan ya ce gas, wani kuma ya ce ai gawayi ma ya isa. Wannan bayani na wanda ya tsaya a wannan mararraba ne.

Me ake bukata daga tanderun

Hodar da aka fi amfani da ita a aikin ƙofa da kujera takan bukaci zafi tsakanin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Selshiyas, na tsawon minti 10 zuwa 20, kuma kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a jikin kwali. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, lissafin mintocin ba ya farawa sai ƙarfen da kansa ya kai wannan zafi, ba iskar cikin tanderun ba. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita ɗaya yakan kai cikin 'yan mintoci, amma gindin ƙofa mai kaurin milimita 8 ko 10 yana iya cin rabin awa. Idan zafin ya gaza, fentin zai fito da sheƙi kamar ya nuna, sai an buge shi ya tsage ya zubo. Idan ya wuce kima, farar hoda ta koma ruwan ɗorawa, sauran launuka su dushe. Idan kuma saman tanderun ya fi ƙasansa zafi da digiri 30 ko 40, ƙofa ɗaya za ta fito kamar masar da aka yi wa wuta da yawa, wani gefen ya ƙone, wani gefen ɗanye.

Saboda haka ma'auni na farko, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ko za a iya tsayar da zafin a lamba ɗaya, a kuma rarraba shi daidai a kowace kusurwa. Bayansa sai kuɗi, wanda ya kasu gida biyu, na gini da na kowace gasawa. Sai ƙarko, sai sauƙin aiki da gyara a hannun yaran shago, sai kuma haɗari ga rai da dukiya. Da waɗannan biyar za a auna kowace hanya.

Akwatin kansa, kafin a zo ga wuta

Duk wutar da za a zaɓa, idan akwatin ba ya riƙe zafi, asara ake yi. Abubuwa huɗu ne mutane suka fi tunanin yi.

Tsohon firji ko firiza shi ne ya fi jan hankali, domin ga ƙofa ga siffa, kuma ana samunsa da araha wurin 'yan gwangwan. Kada a kusance shi. Soson da ke cikin bangonsa an yi shi ne domin sanyi, yana fara lalacewa da zarar zafi ya haura digiri 100 da kaɗan, kuma idan ya kama wuta hayaƙinsa yana ɗauke da guba mai kisa. Cikinsa roba ne, sannan firji na zamani da yawa suna amfani da iskar sanyaya da ita kanta mai kamawa da wuta ce. Wanda ya ce zai kankare soson ya bar kwangirin ƙarfen kaɗai, wahalar da zai sha ta fi ta ƙera sabon akwati.

Tsohon tanderun girki na lantarki kuwa abu ne mai kyau ga ƙananan kaya, kamar hannun ƙofa da kayan babur da maƙalan labule, domin an gina shi ne don irin wannan zafin, yana kuma da ma'auninsa. Sharaɗi ɗaya ne: daga ranar da hoda ta shiga cikinsa, abinci ya yi bankwana da shi har abada.

Ginin bulo ko na jan birki irin na masu burodi yana da ƙarko, kayansa kuma suna kusa, amma yana shan zafi fiye da kima. Bangon birki mai kaurin santimita 10 a tanderu matsakaici ya kusa tan biyu, kuma sai an ƙosar da shi zafi kafin aikin ya samu nasa. Mai burodi yana cin ribar wannan saboda wutarsa ba ta mutuwa, amma mai walda da zai gasa sau ɗaya ko biyu a yini, bango kawai yake ciyarwa.

Abin da ya dace shi ne akwatin ƙarfe mai bango biyu: a haɗa firam da angul ko fayif mai kusurwa huɗu, a rufe ciki da waje da fallen ƙarfe na kimanin milimita ɗaya, a cusa audugar dutse, wadda 'yan kasuwa ke kira rokwul, mai kaurin santimita 10 a tsakani. Wannan auduga tana jure zafin da ya ninka na gasa hoda sau uku, ba ta kuma cin wuta. Wanda ya rage kaurinta zuwa santimita 5 ya ninka zafin da ke tsiyaya ta bango, kuma zai riƙa biyan wannan a kowace gasawa. Kada a sa soson katifa, ko farin soson da ake naɗe kayan lantarki da shi, ko katako, ko tsohon silin na asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji ta huhu. Lokacin yanka audugar a rufe hanci da baki, a sa safar hannu da riga mai dogon hannu, domin tana ƙaiƙayi sosai.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da kan bambanta aikin gwani da na mai gaggawa. Ƙarfe mai tsawon mita biyu yana miƙewa da kimanin milimita 4 idan ya tashi daga zafin gari zuwa digiri 200, don haka idan aka bi fallen ciki da walda ko'ina, zai lanƙwashe ya riƙa ƙara yana tsagewa a gaɓoɓi. Gara a kama shi da kusoshin ribit na ƙarfe ko sukurori, a bar masa ɗan wurin motsi. Na biyu shi ne bakin ƙofa, inda mafi yawan zafi ke gudu: a zagaye shi da igiyar zaren gilashi mai jure wuta, ba robar tayar mota ba. Idan tanderun ya kai girman da mutum zai shiga, dole ne ƙofar ta zama mai buɗuwa daga ciki.

Domin kwatancen ya tsaya a kan abu ɗaya, mu ɗauki tanderu mai faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, tsayin mita biyu, da aka loda wa ƙarfe kilo 100 har da keken rataya. Ɗaga kilo 100 na ƙarfe daga digiri 30 zuwa 200 yana cin yunit 2.3 na makamashi, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda, irin wanda mita ke ƙirgawa. Fallen ciki zai sha kusan yunit 2, sauran kuma su tafi ta bango da firam da buɗe ƙofa. A ƙiyasina, gasawa ɗaya daga sanyi tana cin kimanin yunit 8, kuma da wannan adadi zan auna kowace wuta.

Lantarki

Ta fuskar tsayar da zafi, babu abin da ya kama ƙafar lantarki. Ana jera sandunan hita, irin na tanderun girki, a ƙasan bangon ciki, a haɗa su da na'urar daidaita zafi da ake kira PID, wadda ke karɓar labari daga wayar auna zafi nau'in K, tana kunna sandunan tana kashewa ta hanyar makunni mara motsi da ake kira SSR. Idan an saita shi daidai, zafin ba ya kauce wa lambar da aka sa masa sai da digiri kaɗan. Babu harshen wuta, babu hayaƙi, farar hoda kuma tana fitowa fara tas. Masu irin wannan gini sukan ware kilowat 3.5 zuwa 5 ga kowace mita ɗaya ta faɗi da zurfi da tsayi, wato tanderun misalinmu yana son kimanin kilowat 9, sanduna uku masu kilowat 3 kowanne.

A nan ne gaskiyar wutar ƙasarmu take shigowa. Kilowat 9 a layi ɗaya mai ƙarfin bolt 230 yana jan amfiya 39, abin da ya fi ƙarfin wayar yawancin shaguna, kuma yana bukatar wayar tagulla irin wadda masu aikin wuta ke kira 10mm, ko fiye idan akwai nisa. A kan layi uku kuwa kowane layi amfiya 13 kawai zai ɗauka, shi ya sa wanda ba shi da layi uku bai kamata ya wuce ƙaramin tanderu ba. Sannan akwai matsalar wutar da ke zuwa ba ƙarfi. Zafin sandar hita yana faɗuwa fiye da yadda ƙarfin wutar ya faɗi: idan bolt 230 ya sauko 180, kilowat 9 ya koma kimanin 5.5, sai a wuni ana jiran allura ta kai 200 ba ta kai ba. Idan kuma aka ɗauke wuta hodar ta narke amma ba ta nuna ba, sau da yawa ana iya ƙarasa gasawar daga baya, sai dai ranar ta tafi, kuma ƙura tana iya sauka a kan aikin idan aka buɗe ƙofa.

Kuɗin gasawa ya danganta da layin da shago yake. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa wajen 209. A wannan farashi yunit 8 bai kai naira dubu biyu ba, kuɗin da ƙofa ɗaya za ta biya ba tare da an ji ba. Amma idan janareta za a tayar, lissafin ya juye, domin litar dizal ɗaya ba ta ba da fiye da kimanin yunit 3, wato kusan lita uku kowace gasawa, ga shi kuma sai janareta mai ƙarfin kVA 12 zuwa 15. Ƙona mai a samar da lantarki, sannan a mayar da lantarkin zafi, hanya ce da kashi biyu cikin uku na man ke salwanta a cikinta.

Sandunan suna daɗewa, kuma idan ɗaya ta ƙone canza ta aikin minti kaɗan ne. Haɗarin lantarki biyu ne, dukansu kuma ana iya toshe su. Na farko jan wuta: akwatin ƙarfe ne gaba ɗaya, dole a ɗaure shi da wayar ƙasa mai kyau zuwa sandar da aka kafa a ƙasa mai danshi, a sa bireka mai gano yoyon wuta, a kuma yi amfani da waya mai rigar jure zafi a duk inda ta kusanci sanduna. Na biyu ya fi ɓoyuwa: makunnin SSR idan ya lalace yakan maƙale ne a kunne, na'urar tana cewa a kashe, wuta kuwa tana ci gaba da shiga. Saboda haka wajibi ne a sa ma'aunin zafi na biyu mai zaman kansa, a saita shi a kimanin digiri 230, wanda zai yanke wutar gaba ɗaya ta hanyar kwantakta, wato babban makunnin da ke yanke layin. A kuma sa wa sandunan garkuwar ƙarfe, domin kada zafinsu ya doki aikin kai tsaye ko wani abu ya faɗo musu. Haɗa wayoyin aikin ƙwararren mai aikin wuta ne, ba na yaron shago mai ƙarfin hali ba.

Gas da wutarsa ke wajen ɗakin gasawa

Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da kimanin yunit 12.8 na zafi, tukunya mai kilo 12.5 ke nan tana da kusan yunit 160. Wannan shi ya sa mafi yawan manyan tanderu da gas suke aiki. Tsarin da nake ba da shawara shi ne wanda harshen wuta ba ya shiga inda aikin yake: kan murhun yana hura wuta cikin wani bututu ko akwatin ƙarfe mai kauri, aƙalla milimita 3, da ya ratsa ƙarƙashin tanderun ko bayansa, hayaƙin ya fice ta bututun da ya haura rufin shago, fanka kuma ta riƙa kaɗa iskar ɗakin gasawa tana bi ta jikin bututun mai zafi. Ko da rabin zafin ya bi hayaƙi ya tafi, yunit 8 ɗinmu ba zai ci fiye da kilo ɗaya da kwata ba. Mai karatu ya ninka wannan da farashin kilo a unguwarsa, ya kwatanta da lita uku na dizal, zai ga tazarar da kansa.

Ginin ya fi na lantarki tsada da wahala, domin bayan akwatin akwai bututun wuta, da kan murhu, da regileta, da bawul, da fanka. Fankar ba ta zaɓi ba ce a nan. Injinta yana zama a waje, doguwar sanda ta shiga ciki da fukafukan ƙarfe, kuma iskarta ta zama mai laushi, domin idan ta yi ƙarfi za ta kakkaɓe hodar kafin ta narke. Wutar da fanka da na'urar daidaita zafi ke ci kaɗan ce, ƙaramin janareta ko inbata ya ishe su. Tsayar da zafi yana yiwuwa sosai idan na'urar ce ke buɗe bawul tana rufewa, amma idan da hannu ake murɗawa, sai an tsayar da mutum guda a gaban ma'auni tun daga farko har ƙarshe. Ƙaramar tukunya kuma idan aka ja ta da ƙarfi takan yi raɓa har ta yi ƙanƙara, ƙarfin gas ɗin ya faɗi ana tsakiyar aiki. Maganin wannan shi ne manyan tukwane biyu masu kilo 50 da aka haɗa wuri ɗaya, ba zuba wa tukunya ruwan zafi ko kusantar da ita ga wuta ba. Bututun wutar shi ne ke fara gajiya, a riƙa duba shi, domin ranar da ya tsage hayaƙi ya samu hanyar shiga ɗakin gasawa.

Haɗarin gas ya cancanci a tsaya a kansa da kyau. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, kwanciya yake yi a ƙasa da cikin ramuka. Yana fashewa idan ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na iskar wuri. A akwati irin na misalinmu, wannan bai kai giram 100 ba, kuma kan murhu mai ƙarfin kilowat 20 da wutarsa ta mutu bawul yana buɗe zai zubar da wannan adadin cikin minti uku zuwa huɗu. Yaro ya leƙa ya ga wuta ta mutu, ya ƙyasta ashana, shi ke nan ƙofar ƙarfe ta tashi da duk wanda ke gabanta. Don haka abubuwa huɗu ba a ciniki a kansu. Na farko, na'urar da ke rufe gas da kanta idan harshen wuta ya mutu. Na biyu, bawul ɗin lantarki da ke rufewa da zarar an ɗauke wuta ko fanka ta tsaya. Na uku, kore iska kafin kowace kunnawa: ƙa'idar Amurka ta tanderun masana'antu, NFPA 86, ta shardanta a sauya iskar ciki aƙalla sau huɗu kafin a kunna, a ƙaramin shago kuwa ma'anar wannan ita ce a buɗe ƙofa da murfin akwatin wuta, a bar fanka ta yi aiki na mintoci. Na huɗu, tukwanen su zauna a tsaye a waje, cikin inuwa, nesa da walda da injin yankan ƙarfe da ke watsa tartsatsi, kuma mitocin ƙarshe na kusa da tanderu su zama bututun ƙarfe ko tagulla, ba tiyon roba ba. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa a kowace gaɓa.

Gas da wutarsa ke cikin ɗakin

Wannan shi ne abin da aka fi gani, saboda arha: a shimfiɗa fayif mai ramuka ko kan murhun girki a ƙasan akwati, a kunna, a rufe ƙofa. Yana saurin zafi, yana kuma cin gas kaɗan tunda babu abin da ke bin bututu. Manyan masana'antu ma suna da tanderu masu wuta kai tsaye, amma nasu yana da fankar shigar da iska, da ta fitar da ita, da na'urorin tsaro jere. Na shago da ba shi da waɗannan, wutarsa tana cinye iskar akwatin, ta koma ja mai baƙin hayaƙi, ko ta mutu gas yana ci gaba da zuba a rufaffen wuri. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana haifar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri, kuma mai buɗe ƙofa shi ke fara shaƙarta. Ta fuskar aiki ma, ƙasan ƙofa yana ƙonewa, toka tana manne wa fenti, farar hoda tana sauya launi. Araha ba ta ado, kuma ban ga dalilin da zai sa a ba wa kowa shawarar wannan tsari ba.

Bona mai aiki da dizal

Akwai bona, wato kan murhu, ta kamfani mai fesa dizal, irin ta manyan gidajen burodi, mai fankarta da idon da ke lura da harshen wuta. A bututun wuta na waje tana aiki lafiya, kuma lita ɗaya tana ba da kimanin yunit 10 na zafi, ninki uku na abin da za ta bayar ta hanyar janareta. Tsadar saye da bukatar mai gyara na musamman su ne suka sa ba ta dace ba sai ga babban tanderu mai aiki kullum. Wadda ake haɗawa a gida da baƙin mai tana ɗiga a kan faranti kuwa, hayaƙinta da rashin tabbas ɗinta sun fitar da ita daga lissafi.

Gawayi da itace

Ba a raina gawayi ba, domin maƙera sun narkar da ƙarfe da shi tun kaka da kakanni, kuma kilo ɗaya yana da kimanin yunit 8 na zafi. Matsalarsa a wannan aiki ita ce ba a yi masa umarni. Ba ya tsayawa a 190 don an so, idan ya haura kuma babu makunnin da za a kashe, sai dai a kwashe garwashi ko a buɗe ƙofa, buɗe ƙofar kuma yana jawo toka da ƙura a kan fentin da ke narke. Idan dole ce ta sa, to wutar ta kasance a akwati dabam a waje, da bututun hayaƙi da marfin rage iska, tanderun kuma a fili yake ba cikin rufaffen shago ba, saboda gawayi ya fi kowace wuta fitar da kabon monoksayid. Ko da hakan, a sa ran aiki zai riƙa fitowa yau da kyau gobe da gyara, kuma hodar da za a yi asara da kankare fentin da ya lalace za su cinye rarar da aka yi tsammani.

| Hanya | Tsayar da zafi | Kuɗin gini | Abin da gasawa ɗaya ke ci | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Lantarkin layi | Mafi kyau | Matsakaici | Kimanin yunit 8 | Mai kyau | Mafi sauƙi | Jan wuta, maƙalewar makunni |
| Lantarkin janareta | Mai kyau | Mai yawa | Kusan lita 3 na dizal | Ya danganta da janareta | Matsakaici | Na sama, da hayaƙin inji |
| Gas, wuta a waje | Mai kyau idan da na'ura | Mai ɗan yawa | Kimanin kilo 1.25 | Bututun wuta na son dubawa | Yana son horo | Fashewa, yoyo |
| Gas, wuta a ciki | Mara kyau | Kaɗan | Ƙasa da kilo 1 | Matsakaici | Sai an tsare shi | Fashewa, iska mai guba |
| Bonar dizal | Mai kyau | Mafi yawa | Lita 1 zuwa 2 | Mai kyau | Sai mai gyara | Gobarar mai |
| Gawayi | Mafi rauni | Kaɗan | Kilo 4 zuwa 6 | Matsakaici | Mai wahala | Iska mai guba, gobara |

Alƙaluman teburin ƙiyasi ne a kan tanderun misalinmu, daga sanyi. Gasawa ta biyu da ta biyo baya nan take ba ta kai haka ci ba, shi ya sa tara aiki a gasa a jere ya fi riba.

Abin da ya hau kan kowa

Tanderun hoda ba na busar da fentin mai ba ne. Tururin tina da fetur a rufaffen akwati mai zafi yana fashewa kamar gas, ko da lantarki ake amfani, kuma haka abin yake ga ƙarfen da aka wanke da fetur bai gama bushewa ba. Hodar ma idan ta tashi ta cika iska tana kamawa da wuta, don haka wurin fesawa ya yi nesa da tanderu, a kuma riƙa share wadda ta zube. A bar ɗan ƙaramin bututu a saman akwatin da zai fitar da hayaƙin gasawa zuwa waje, a ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofar shago, kada kuma a tafi sallah ko cin abinci a bar tanderu yana ci babu kowa a wurin.

Kafin aikin kwastoma ya shiga, a gasa akwatin babu komai har maiƙon fallen ƙarfe ya ƙone, sannan a rataya guntayen ƙarfe a sama da tsakiya da ƙasa, a auna zafin kowanne. Ma'aunin da ake haskawa daga nesa yana yin ƙarya a kan ƙarfe mai ƙyalli, ya fi kyau a maƙala wayar auna zafi a jikin ɓangaren da ya fi kauri. Bayan guntun gwaji ya huce, a tsattsaga fentin da reza a gicciye, a manna salatif a fizge, a kuma lanƙwasa shi a gani. Idan fentin ya biyo salatif ko ya tsage, ko dai zafi bai isa ba, ko ba a wanke ƙarfen daga tsatsa da maiƙo yadda ya kamata ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda aikinsa ƙananan kaya ne, ko yake son ya gwada kasuwar kafin ya zuba jari, ya nemi tsohon tanderun girki na lantarki, ko ya ƙera ƙaramin akwati da bai wuce kilowat 3 ba, wanda layi ɗaya zai ɗauka. Mai shago a unguwar masana'antu irin Sharaɗa ko Bompai, ko duk inda ake samun layi uku da wuta mai tsayawa, wanda ke yin kujeru da tagogi da gadajen ƙarfe, lantarki ya fi masa, musamman idan farar hoda da launuka masu haske ne suka fi yawa a aikinsa, ko yara masu koyo ne za su riƙa kula da tanderun. Mai manyan ƙofofin gida da shingen ƙarfe, da duk wanda wutar unguwarsa ba ta da tabbas, gas mai wuta a waje shi ne nasa, bisa sharaɗin ya sayi na'urorin tsaron nan tun ranar farko, ya kuma ware mutum ɗaya da ya horu wanda shi kaɗai ke kunnawa. Wanda ke gasa aiki daga safe zuwa yamma a tanderun da ake tura keke ciki, ya duba bonar dizal ta kamfani tare da gas, ya zaɓi wadda mai gyaranta ya fi kusa da shi. Wanda kuwa kuɗinsa bai kai ga rokwul da na'urorin tsaro ba tukuna, ya ci gaba da ƙera aikinsa yana kai wa masu tanderu su gasa masa a biya su, har ya tara abin da zai gina nasa.